Wai Babana Ya Kashe Injin Mai Lafiya

Anti, don Allah ki taimake ni. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: duk ranar da abokin aikin Baba ya zo duba shi, laɓewa nake bayan labule ina sauraro.

Baba matuƙin ƙaramin jirgin sama ne mai inji biyu. Bara, jirgin ya bar ƙasa kenan sai inji ɗaya ya mutu. Baba ya kashe ɗayan ma, ya sauka cikin gona. Jirgi ya lalace, ƙafarsa ta karye, amma ba wanda ya rasu. Tun daga nan unguwa ta samu abin dariya, wai don ruɗewa ya kashe injin mai lafiya. A makaranta in na wuce sai su ware hannuwa suna ƙugi kamar jirgi, su zube ƙasa. Ni kuma ba mai magana ba ce, ko malama ta tambaye ni da kyar nake amsawa.

Amma na ji bayanin da kunnena a bayan labulen. A agogon gudun jirgi akwai jan layi da shuɗi. In gudu bai kai shuɗin ba, da kyar inji ɗaya zai hau da jirgi. In ya faɗo ƙasa da jan, mai lafiyar ne da kansa zai murɗa jirgin ya kifar da shi. Baba bai kai shuɗin ba, ga nauyi, ga bishiyoyi a gaba. To ina ruɗewar?

Ranar Litinin kowa zai tashi a aji ya faɗi sana'ar mahaifinsa. Mama ta ce in ce direba ne kawai in zauna. Ban yi mata musu ba. Amma na samo alli ja da shuɗi, suna cikin jakata.

'Yar Matuƙi

'Yata, Mamanki ba kunyar Babanki take ji ba, ke take karewa, don ta san bakin yara ba shi da linzami. Kada ki yi mata kallon matsoraciya, kada kuma ta ji labari a bakin wasu. Ki gaya mata kafin Litinin.

Allinki kuwa, ban ce ki ajiye ba. Ki faɗi abin da kika sani a taƙaice, ban da zagi. Wasu za su yi dariya duk da haka, ki ƙyale su.

Sai dai labarin na Babanki ne, ki fara neman izininsa. Ki zauna kusa da shi, ki ce ya zana miki layukan da hannunsa. Shekara guda ana yi da shi, wataƙila har yau ba yaron gidan da ya tambaye shi yadda ya yi.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.