Na Je Wurin Mai Jitar Nan

Ke Brisa,

Na wuce aiki, ban tashe ki ba don har yanzu raina a ɓace yake. Jiya malamarku ta kira, ta ce ba ta ganin ki da rana. Ashe kina garejin wani tsoho, Fermín Ozuna, kina sauraron kiɗan blues. Ni kika mayar sakarya?

Na je in ci masa mutunci, na tarar yana kaɗawa. Sai na tsaya a ƙofa ina saurare. Jitar nan kuka take kamar mutum. Da ya gama ya miƙo min ƙoƙon shayin mate, na ce, "Riƙe shayinka, 'yata ko sha shida ba ta kai ba." Ya rantse ce masa kika yi kin gama makaranta. Ƙarya biyu ke nan.

Yau ki shiga aji, zan kira in ji. Wasansa na Asabar kuwa, ba inda za ki sai ƙafata ƙafarki. Ki turo min waƙoƙinsa a waya, kuma kada ki kuskura ki yi min dariya.

Mamá