Kada Ki Turo Rafi'u

Sa'alaba, Jidda
Watan Safar, 1431

Zuwa ga Yaya Indo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Haɗeja. Yaya gwiwar taki? Allah Ya kawo sauƙi, Ya sa kaffara ce. Na ji matar ɗanki Rafi'u ta sauka lafiya, Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Mu nan alhamdu lillahi, 'yata Khadijatu da mijinta da yaransu duk ƙalau suke. Na zaɓi in rubuto ta hannun Hajiya Bashira da za ta taso gida, domin tun da ciwon nan ya taɓa ni harshena ya yi nauyi. A waya sai ki yi ta cewa in maimaita, ni kuma sai in gaji in ce lafiya lau. Ɓarin hagu ne ya shanye, hannun dama Allah Ya bar mini shi, da shi nake rubutun nan a hankali.

Kin ji labarin ruwan da aka yi ana gobe hawan Arfa. To, ya ci ɗakin da nake ciki tun matata marigayiya Hindatu na da rai. Bangon ya tsage daga sama har ƙasa, mai gidan ya ce rushewa zai yi, kowa ya nemi wuri. Na nema, Yaya. Duk inda na je sai a ce in kawo iƙama, wato takardar zama, ni kuwa tawa ta mutu tun rasuwar kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini. 'Ya'yansa ba su sabunta ba, sun ce ba za su iya tsaya wa direban da ba ya tuƙi ba. Ban ga laifinsu ba, don sun bar mini tsohuwar hayis ɗin da na daɗe ina kai 'yan makaranta da ita. Wani tsoho ɗan Yaman da muke sallah tare ya yarda a turo ta cikin filinsa mai katanga, inda akwai famfo da banɗaki, masallaci kuma ga shi nan kusa. Sai na ce to, ga ɗaki Allah Ya ba ni.

Abin da ake bukata ba shi da yawa ga mai ƙarfi. A cire kujeru, a kafa gado a gefe guda, a lulluɓe rufi da soso da katako saboda zafi, a sa raga a tagogi saboda sauro, a ɗaura ƙaramar fanka. Da a ce shekarun baya ne, ni kaɗai zan gama. Na ɗauki sifana na shiga. Notikan duk sun yi tsatsa saboda ruwan da ya shiga motar, kuma sai an riƙe ƙasa da hannu ɗaya sannan a murɗa sama da ɗayan. Na ɗora hannun hagu a kai, ya zame kamar ba nawa ba. Na gwada danna sifanar da ƙafa, sai ta kufce, na faɗo ta ƙofa, gefen fuskata ya bugi ƙasa. Ina nan kwance ina jin kiran la'asar, na kasa tashi, har masu dawowa daga masallaci suka ɗaga ni.

Cikinsu akwai Jabiru, wani mai walda mutumin Maraɗi, wanda ya zo umara ya zauna. Ba dangin iya ba na baba, sannu kawai ke haɗa mu. Ya leƙa motar ya girgiza kai, ya ce in ajiye sifana, aikin nan nasa ne, kada in sake taɓa komai. Duk Juma'a bayan an sauko yakan zo da kayan aikinsa a buhu. Ya yanke notikan da suka ƙi kwancewa, ya fitar da kujerun tsakiya. Da ya lura da yadda nake jan ciki kafin in shiga, sai ya haɗa mini matattakala ƙarama da mariƙi a bakin ƙofa, ta ɓangaren hannuna mai lafiya. Ranar na shiga motar a tsaye kamar mutum, har sai da na juya baya don kada ya ga idona. Yana aiki yana tsokanata, wai in an gama sai na yi walimar tarewa. Na yi masa maganar lada, ya ɓata rai, ya ce shi ma yana da uba a gida, bai san wa ke ɗaga shi in ya faɗi ba.

Ya fara kafa ƙafafun gado sai ƙarfe ya ƙare. Ya ce zai je unguwar Sharafiyya, akwai inda ya sani ana samun ragowa. Na ce ya bari a aiki mai takarda, ya yi dariya ya ce yanzu zai dawo. Bai dawo ba. A hanya masu duba takardu suka tsayar da motar da ya shiga. Daga baya muka ji yana tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, yanzu kuma an ce har an kwashe su. Matarsa Mariyamu ta zo ɗaukar buhun kayan aikin, da goyo a bayanta da wata 'yar a hannu. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa. Ba ta faɗi komai ba sai gaisuwa. Ta ga tarkacen ƙarfe a inda nake takawa, ta ari tsintsiya ta share, ta ce kada ya soke ni, ta tafi. Wallahi Yaya, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan babu wanda ya sake sa hannu. Ubale kafinta ya zo ya auna rufi, ya ce in sha Allahu, ban sake ganinsa ba. Sauran kowa na tsoron fita, kuma da gaskiyarsu. Ni ma bakina ya mutu, ba na iya roƙon wani. Motar tana nan yadda Jabiru ya bar ta, ƙafafun gado a tsaye babu abin ɗorawa, ni kuma ina kwana a takure a kujerar baya. Da safe sai na daɗe ina murza ƙafa kafin ta yarda ta ɗauke ni. Yanzu da sauƙi tunda gari da ɗan sanyi. Amma kin san zafin Jidda tun zuwanki hajji. Dakta Na'ibi, wani likita ɗan Zariya da ke duba mini hawan jini don Allah, ya zo ya ɗora hannu a rufin da hantsi, ya janye da sauri. Bai ɓoye mini ba, ya ce mai irin ciwona ba zai kai ƙarshen bazara cikin kwanon nan ba. Shawararsa ita ce in miƙa kaina a mayar da ni gida.

Na san ke ma abin da za ki ce ke nan. Amma wanda aka fitar ta wannan hanya ba ya dawowa, Khadijatu kuwa nan aka haife ta, ba ta da takardar fita ko ta shiga. In na tafi, mun rabu ke nan har abada. Ita kaɗai Hindatu ta bar mini. Tana zuwa da abinci, ta zauna a bakin motar tana kuka, tana cewa halas, wato ya isa haka, in tashi mu tafi wurinsu. Mijinta ma ya yi tayi. To amma suna can saman bene, cunkushe da iyayensa da ƙannensa. Sau ɗaya na gwada hawa, a tsakiya numfashina ya ɗauke, sai da aka sauko da ni a kan bargo. Ban ga mafita ba, Yaya. Na duba gabas na duba yamma, ban gani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An gaya mini kina shirin sayar da shanunki ki turo Rafi'u umara, ya zauna ya gyara mini motar ya kula da ni. Allah Ya saka miki, Ya bar zumunci. Amma ina roƙonki don girman Allah, kada ki turo shi. Na riga na raba mutum ɗaya da iyalinsa saboda gadon da zan kwanta, ba zan iya ɗaukar na biyu ba. Yaron nan yana da gona, yana da jariri da bai san fuskarsa ba tukuna. In ya zo, ko dai a kama shi, ko ya tsufa a nan yana ɓuya kamar yadda muka tsufa. In ya matsa, ki ce kawunsa ne ya hana, kuma ban yafe ba in ya taho.

Ki gaida mini Kawu Maiturare, ki ce ya sa ni a addu'a. Ki gaida Zubaidatu da Tani da yaransu, da Rafi'u da mai jego, da duk wanda ya tambaye ni. Abu na ƙarshe, na rubuta lambar Khadijatu a bayan takardar nan. Ki riƙa kiranta, ko ina nan ko ba na nan, don ta san tana da uwa a wani wuri. Hausarta ba ta fita sosai, amma tana ji sarai. In ta yi shiru a waya kada ki kashe, kalmar take nema.

Allah Ya sada mu da alheri, in ba a nan ba, a can.

Ni ne ƙaninki,
Muntaka