Kunun Gidan Su Falmata

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya zafin Damagaram? Mu nan Diffa sai godiya, ki daina tayar da hankalinki a kaina.

Bari ki ji labarin ajina. Ina da wata ɗaliba, Falmata, tana cikin waɗanda suka gudo daga ƙetaren kogin Komadugu. Tun buɗe lakkol ban taɓa jin muryarta ba. Ran nan ina koya musu yadda abu biyu ke ƙaruwa tare, na rubuta a allo: in mutum huɗu na shan kunun tiya biyu a mako, mutum goma fa?

Sai ga hannun Falmata a sama. Ta ce, "Mushe," kamar yadda suke kiran malami, "tiya biyun dai. A gidanmu in mutane sun ƙaru, ruwa ake ƙarawa."

Aji ya kwashe da dariya, har da ita. Ni kuwa na san rabin masu dariyar irin kunun suke sha. Na ce da gaskiyarta, amma ta zo ta yi mana na allo. Ta raba, ta ninka, ta rubuta biyar ba gargada. Tun ranar bakinta ya buɗe, yanzu har sai na tsawata mata.

Ki gaida kowa. Inna ta sa mu a addu'a, Allah ya nuna mana ranar da tukunyar gidan su Falmata za ta yi daidai da lissafin allo.

Ƙaninki,
Sani