Ferarren Raken Kawu Maiwada

Maƙarfi, 9 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga matata Zulai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da Inna da gwiwarta, da duk mutanen gidanmu na Ikara. Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce ke tafasa.

Kin tambayi yaushe za ki tare. To, aikin gwaji gwamnati ta ɗauke ni na wata uku, sai an tabbatar da ni za a ba ni gida. Ni da na yi shekara shida a Ingila, na dawo da digiri biyu kan injiniyancin sarrafa sinadarai! An sa ni ƙarƙashin wani Bature da ake kira Mai Lofe, wanda a ƙasarsu gyaran tukunyar jirgin ƙasa yake yi. Kin san aikin da ya fara ba ni? Wankin kwalabe. Wallahi ba don ke ba, da na sheƙa masa ruwan wankin.

Amma dama ta samu. Ranar huɗu ga watan gobe manya za su zo daga Kaduna su ga ko raken da ake mazarƙwaila da shi zai ba da farin sukari, kuma ni zan nuna. In ya yi, gida ya samu. Na aika wa dagacin Kudan takarda mai hatimin ofis ya sa Kawu Maiwada ya tanadi dami ashirin, don duk yankin nan ba mai rake irin nasa.

Ki gaishe da Inna. Ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Zainulabidin

Maƙarfi, 5 ga Disamba, 1958

Zulai,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya.

Sun kashe ni, Zulai, kuma 'yan'uwana ne. Rake ranar da aka sare shi ake matse shi, in ya kwana biyu ruwansa ya juya, ba zai yi ƙwayar sukari ba. Jiya da hantsi sai ga jakuna daga Kudan da kwanduna an lulluɓe da faifai. Na buɗe. Sun sare shi tun kwana shida, sun fere shi tas, sun yayyanka gaɓa-gaɓa, wai ba a kai wa baƙo rake da ɓawo! Tsami kawai ke tashi, ƙudaje sun yi masa baƙi.

Manya na zaune kan kujeru, ba halin fasawa. Na matsa, na tace, na dafa, awa huɗu ina kan tukunya. Abin da ya fito wani baƙin ruwa ne mai danƙo. Mai Lofe ya ɗaga ludayi ya bar shi yana zuba, ya gaya musu takarda daban, aiki daban. Suka yi dariya. A gabana.

Kawu shekararsa arba'in yana mazarƙwaila, kada ya ce mini bai sani ba. Gobe zan je Kudan, kuma wannan karon kunya ba za ta rufe mini baki ba.

Naki,
Zainulabidin

Kudan, 14 ga Disamba, 1958

Zuwa ga Zulai,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Inna. Kin ga daga inda nake rubutowa.

Na zo na zazzage wa Kawu duk abin da ke cikina. Sannan ya ce ya san raken zai lalace tun kafin a sa masa adda. Amma takarda ce mai hatimi ta zo, dagaci ya ce kayan Bature tun da wuri ake tarawa su jira shi, haka ake yi tun zuwansu, wa zai yi wa hatimi gardama? Ya ce da ɗan ƙanwarsa ne ya tako ya durƙusa ya gaishe shi ya ce yana son rake, da da asuba zai sara ya kai da kansa. Mil nawa ne daga Maƙarfi zuwa Kudan, Zulai? Ina da keke. Ni ne na aika wa kawuna hatimi. Haushin kaina ya fi na kowa ci na.

Washegari muka sara tare, dokinsa ya ja injin matsa, na dafa a kaskonsa, na juya a ɗan injina na hannu mai ware ƙwayar sukari daga ruwan. Ya yi ƙwaya, fari tas. Na naɗe a takarda na buga keke har ofis. Mai Lofe ko kwancewa bai yi ba. Ya ce rahoto ya riga ya tafi, ba a tabbatar da ni ba, amma akwai kujerar akawu a Kaduna. Na ce ya riƙe kujerarsa, Allah ya isa tsakanina da shi.

Saboda haka babu gidan gwamnati. Kawu ya ba ni ɗaki ɗaya kusa da rumfar matsa, rufin ciyawa ne, hayaƙi na shiga. Shekara shida kin jira, ba ni da bakin cewa ki ƙara, ba ni kuma da fuskar cewa ki zo nan. Ke za ki faɗa.

Ƙullin da ke cikin ambulan ɗin nan shi ne sukarin da Mai Lofe ya ƙi kwancewa. Ki sa a kokonki gobe da safe.

Mijinki mai begenki,
Zainulabidin