Kanwar Uwa da Ruwan Tsamiya

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Na iso gida da azahar, hutun sati biyu. Tun daga Kura nake jin ƙanshin shinkafar rani, kanal cike da ruwa har baki. Ina sauka Baba ya fara: "Ga nas ta dawo." Shekara ta biyu kawai nake a makarantar jinya, amma ya riga ya gama raba wa gari ni. Har Maikuɗi maƙwabcinmu ya miƙo hannu in auna masa jini a tsaye.

Abin da ban iya faɗa wa kowa ba: a ɗakin majinyata agogo nake kallo. Wannan ɗan agogon da muke maƙalawa a ƙirji don ƙirga bugun zuciya, ni lokacin tashi nake ƙirgawa da shi. Ba ƙyamar marasa lafiya nake ba, Allah Ya sani. Zuciyata ce ba ta can.

Tunkiyar kakata Uwa ta haihu, ɗan rago fari mai baƙin kunne. Na fi awa guda a turke. Uwa ta ce ko gaisuwar kirki ban yi mata ba, sai tunkiya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na buɗe littafin magunguna sau uku. Zafi. Ƙafata sai kai ni turke take yi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Tunkiyar ta mutu.

Baba ya jiƙa takin yuriya a bokiti zai yi wa shinkafa feshi, aka kira shi rabon ruwa, ya bar bokitin a zaure. Ta tsinke igiya ta sha. Kafin a ankara cikinta ya kumbura, tana rawar jiki, kumfa a baki. Uwa ta ɗauko kanwa, domin a garin nan duk dabbar da cikinta ya kumbura kanwa ake ɗura mata, tun kaka da kakanni. Ni na riƙe mata baki. Ni, nas. Ba ta ƙara minti ashirin ba, ko wuƙa Baba bai iso da ita ba.

Ɗan ragon yana ta zagaya turken yana kuka. Na yi kukan da ban taɓa yi a asibiti ba, kuma wannan ma ya ba ni kunya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na je Kura sayen fida, kwalbar shayar da jarirai, don ɗan ragon. A shagon na haɗu da Malam Jaji, malamin dabbobi, dattijo mai faɗa kamar an taka masa ƙafa. Na ba shi labari. Ya harare ni ya ce, "Wuta ta kama, kuka zuba mata kalanzir." Wai kanwa tana da ranarta, amma dabbar da ta sha yuriya tsami take nema: ruwan tsamiya mai kauri, sai ruwan sanyi da yawa, kuma da gaggawa. Kanwa ƙara wa gubar ƙarfi take yi.

Na san wannan! Tun ajin farko an koya mana abin da tsami ke kashewa. Na rubuta a jarrabawa, na ci, amma da ranar ta zo kaina bai kawo shi ba.

Na ce bari in ɗan tsaya in ga yadda yake duba wata akuya. Sai kiran la'asar na ji.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwana uku ina zuwa wajen Malam Jaji. Baba ya ɗauka asibitin Kura nake leƙawa, ni kuma ban gyara masa ba. Ƙarya dai ƙarya ce ko da baki a rufe aka yi ta.

Yau ya bar ni na yi wa maraƙi allura. Ya ce hannuna bai da tsoro, kaina ne ke da gaggawa. Ya ambaci kwalejin lafiyar dabbobi, wai ana ɗaukar mata. Na yi kamar ban ji ba. Duk hanyar dawowa a adaidaita ita nake ji.

Litinin, 21 ga Afrilu

Yau ya kamata in koma. Na ce wa Baba kaina na ciwo. Nafisat, ƙawata ta ɗaki, ta kira: duk wadda ba ta dawo ba zuwa 28 ga wata, ba ta ba jarrabawa, ba ta ba makaranta. Ta ce, "Ruƙayya, ke fa kina da hankali da." Da.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na faɗa wa Baba kwalejin dabbobi nake so, bayan ya dawo daga masallaci. Na durƙusa na fara da zagaye-zagaye, ya ce in tafi kai tsaye.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya ce, "Mahaifiyarki a bayan mota ta cika, tsakanin nan da Kura, jini na zuba, babu mai ɗaura mata ko ruwa. Ranar na yi alkawari sai kin zama nas. Ke kuma akuya." Ya tashi ya ɗauki fartanya da tsakar ranar Juma'a.

Gaskiya ya faɗa. Shekarata tara lokacin, ina tuna zanin da aka dawo da shi. Amma idan na zama nas mai kallon agogo, wa zan ceta? Wannan ban faɗa ba, a nan kawai na iya.

Uwa ta ce ɗanta da jikarta duk taurin kai ɗaya, ita ta san inda suka gado shi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na haɗa jaka, na sa hijabi, na je bakin titi. Motar Kano uku ta tsaya, ban shiga ko ɗaya ba. Na dawo gida. Baba ya ga jakar, ya wuce gona.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kwana biyar gaisuwa kawai yake amsawa. Idan baƙo ya tambayi nas, sai ya ce rana ta yi zafi bana. Na kasa zama, na kasa fita. Na share turke sau biyu.

Asabar, 3 ga Mayu



Raguna biyun da Baba ke turkawa don Layya sun fita da hantsi, suka faɗa gefen gonar Maikuɗi inda ruwan kanal ya jiƙe masa buhun yuriya. Suka lasa. Aka jawo su tsakar gida cikinsu kamar ganga, maƙwabta sun cika, kowa da shawararsa, ga Uwa da ƙwaryar kanwa har ta dama.

Na riƙe ƙwaryar. Ban taɓa riƙe wa Uwa hannu ba. Na ce kanwar nan ce ta ƙarasa tunkiya, a ba ni tsamiya. Maikuɗi ya ce yau ga 'yar boko za ta dama wa rago kunu. Aka yi dariya. Kowa ya juya wajen Baba, ragunansa ne.

Ya dubi ragunan, ya dubi Uwa, ni bai dube ni ba. Ya ce wa Uwa, "Inna, ba ta tsamiyar."

Tsamiyar kunun Uwa ce ta wata guda, duka na zuba a ruwa na murtsuke. Rariya ta ɓace a wannan rububin. Jakata na nan yadda na ajiye ta, na zaro farar rigar makaranta na tace da ita. Na ɗura musu da kwalba a hankali ta gefen baki, na bi da ruwan randa. Baba ne ya riƙe mini ƙaho.

Ƙaramin ya riga ya sha da yawa, dole aka yanka. Babban ya yi ta gyatsa, ya yi ta gyatsa, wajen azahar ya miƙe ya nufi harawa. Malam Jaji ya iso a babur bayan an gama, ya taɓa cikin ragon, ya ce saura ƙiris in shaƙe shi da gaggawa. A wajensa wannan yabo ne.

Litinin, 5 ga Mayu

Yau su Nafisat suka fara jarrabawa. Na wanke rigar sau uku, tsamiya ba ta fita.

Asabar, 10 ga Mayu

Ba abin da ya canja. Baba bai ce ya yarda ba, ni ma ban sake tayar da maganar kwaleji ba. Jiya na same shi zaune da hoton Mama, na koma da baya.

Da safe dai wata mata daga Bunkure ta yi sallama da akuya a igiya, tana neman nas. Ina bayan ɗaki ina ba ɗan rago fida, ina jin su. Na zaci Baba zai sallame ta. Sai ya ce, "Shigo da ita. Kada ki ba akuyar komai sai Ruƙayya ta gani."

Akuyar ba wani abu, tsutsar ciki ce.

Ina neman allurar ɗinki a jaka na ci karo da ɗan agogon ƙirjin nan. Ya tsaya a tara saura kwata. Ban san ko ta wace rana ce ba.