Tukwanen Kaka Heizo

Onomichi, Yuli

Zuwa ga aminina Ryosuke,

Bayan gaisuwa irin ta waɗanda suka sha wuyar jami'a tare, ina fatan zafin bana bai narkar da kai a Osaka ba. Yaya Mama da ciwon gwiwarta?

Ka tambaye ni batun masaukin baƙin da muka ƙudurta buɗewa. Gidan kakana Heizo ya cika dukkan sharuɗɗa: yana bisa tudu, yana fuskantar teku. Cikas ɗaya ne, wato mai gidan. Tun rasuwar matarsa ya cika ɗakin gilashi da tukwanen wani fure na yankin Bahar Rum da ake kira ofiris, mai kama da ƙudan zuma. Ɗabi'arsa a juye take: da sanyi yake tsiro, ya yi fure a Afrilu, da zafi kuma ganyen ya bushe, saiwar ta kwanta barci cikin tsakuwa kamar ƙwan kurciya. Ruwa kaɗan a wannan lokaci ya isa ya ruɓar da ita.

Na ga furen da idona lokacin da na tare a nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin kallo ne. Amma Baba da Gwaggo Tokiko ba su zuwa sai hutun ziyarar kaburbura na Agusta, don haka tsakuwa kawai suka taɓa gani. Ka riƙe wannan, domin a nan hikimar take.

Jiya ya ce mini, "Malam Digiri, matsa daga nan, inuwarka ma jiƙa ƙasa take yi." Na ce, "Tsoho, mai gadin duwatsu, albashinka nawa?" Ya yi dariya har da tari. Yana sona ƙwarai.

Naka har kullum,
Shunpei

Onomichi, Agusta

Ryosuke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Taron dangi ya gudana bisa hasashena. Dama Kaka ya taɓa mance tukunya a kan wuta, don haka Gwaggo ta kawo takardun gidan tsofaffi. Da ta ɗauki buta za ta shayar da tukwanen, ya daka mata tsawa har butar ta faɗi. Ta ce, "Baba, babu komai a ciki fa!" Ya ce, "Barci suke yi, ke da ba ki san komai ba sai sayayya. Tambayi Shun, ya gani."

Duk suka juyo gare ni. Na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, "Ni dai ban ga komai ba, Kaka."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To. In ba su tsiro a Oktoba ba, ku kai ni inda kuke so." Da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci.

Kullum da la'asar yakan sauka gidan wanka na unguwa. Ni kuma, a matsayina na jika mai hidima, ina shayar da lambu. Har da ɗakin gilashin. Kada ka kira wannan mugunta, gaggauta abin da tarihi ya riga ya zartar ne.

Naka,
Shunpei

Onomichi, Nuwamba

Ryosuke,

Ina gaishe ka da murya ta nasara. A gaida Mama.

Oktoba ta wuce, ko ɗigon kore bai leƙo ba. Kowace safiya yana durƙushe gaban tukwanen da tabarau. Daga ƙarshe ya juye su ɗaya bayan ɗaya a kan jarida. Baƙin ruɓaɓɓen abu ne kawai ya fito, mai wari. Ya murza tsakuwar a yatsunsa ya ce, "Da danshi. Ashe ni na shayar da su na manta."

Can ya ɗago ya ce, "Shun, tsakani da gaskiya, ba ka ga furen ba?" Na ce ban gani ba. Ya gyaɗa kai. "To, mafarki na yi ke nan. Ya yi kyau, ka sani." Tun ranar bai sake kirana Malam Digiri ba.

Ranar Lahadi Baba ya zo da mota don kai shi gidan tsofaffi. A bakin ƙofa Kaka ya danƙa mini mabuɗan gidan da hannu biyu, ya ce ni kaɗai na jure haukarsa. Ya roƙi a bar masa tukunya guda, na miƙa masa wata na ce ita bai juye ta ba. Jiya ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta bugo waya, wai ya ajiye ta a taga, yana hana kowa kusantarta da ruwa, yana cewa wataƙila akwai saura ɗaya mai nauyin barci.

Tsakuwa ce zalla. Ni na cika masa ita.

Ka zo da tef ɗin awo ranar Asabar. Ɗakin gilashin zai ɗauki teburan shayi shida, in warin ya fita.

Amininka,
Shunpei