'Yan Mintunan da Aka Mayar Awa Guda

Zuwa ga Ni'ima, sanyin idanuna, ruwan farkon damina a kan ƙasa mai ƙishi, zaƙin raken fadamar Makarfi, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa ƙofa yana tsaye a bakin zaure. Ya gida, ya ƙarfin jikin Inna? Wayarki ta daina shiga, shi ya sa na roƙi ƙawarki Zulai ta kawo miki wannan takarda. Ko ma yaga ta za ki yi, don Allah ki fara karantawa.

Kin tuna ranar da na kawo tarakta gonar Babanki a Gazara? Ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, balbelu na bin bayan garma, sai ga ki da ƙwaryar fura, da mayafinki kore kamar sabon ganyen masara. Kika nuna mini 'yar kusurwar da kike shuka kuɓewa da rama a gefen ɗorawa, kika ce da wasa ita ce marainiyar gonar, kullum sai fartanya. Na riga na gama aikin Baba, awa biyu cif. Amma wa zai ji wannan murya ya juya kan mota ya tafi? Na huɗe miki ita cikin 'yan mintuna, ina cewa a raina kuɗinsu daga aljihuna za su fita. Kika rufe baki da gefen mayafi kina dariya, ni kuwa na ji kamar an ba ni duniya da abin da ke cikinta.

Ashe a wannan makon ofishinmu na Ikara ya sauya tsarin manhajar da ke haɗe da injin, mai ƙirga lokacin aiki. A da, mintin da ka yi shi manomi zai biya. Yanzu ko minti ɗaya ya ɗoru a kan awa, sai ta cike shi ya zama awa guda. Ba wanda ya gaya mana, mu direbobi. Ina kan hanyar gida ina rera waƙa, saƙo ya shiga wayar Baba cewa aikin awa uku aka yi masa.

Kin fi ni sanin Baba, ba ya rabo da agogo, kuma ba ya cin ƙwandalar kowa. Da ma faɗa ya yi mini, da ma mari! Sai ya biya kuɗin awa uku bai rage ko sisi ba, sannan ya faɗa a gaban dattawa a ƙofar masallaci: "Wanda ya ci mini awa guda da rana tsaka, ba zan ba shi amanar 'ya ba." Washegari aka dawo mana da kayan gaisuwa, ko bakin huhun goron ba a kwance ba. Mahaifiyata ta zauna ta zuba musu ido.

Na je wajen Oga Hamisu, shugaban ofishinmu, na roƙe shi ya gyara lissafin. Ya ce tsarin na kowa ne, in aka sauke wa mutum ɗaya sai an sauke wa manoman Kudan da Makarfi duka. Na ce to ya rubuta mini shaida cewa ba hannuna a ciki, ya ce kamfani ba ya shiga maganar aure. Na ajiye masa makullin tarakta na fito. Kawuna Lado ya kai wa Baba kuɗin awar da aka ƙara masa, Baba ya ture, ya ce waya ba ta da hannu, mutum ne ke danna ta. Ban yarda Kawu ya ambaci kusurwarki ba, kada a ce ke kika jawo. Gara a kira ni macuci da a ɗaga miki murya.

Yanzu lodin rake nake yi a bakin titi. Kafaɗata ta saba, zuciyata ce ta ƙi. Abinci ya koma mini kamar ƙaiƙayi a baki. In na ga kore daga nesa sai in ɗauka mayafinki ne, in matso in tarar ganye ne kawai. Ya za a yi dawa ta yi ido ba ruwa? Ina kifi zai sa kansa in tafki ya ƙafe? Ya ke kurciyata, na ji an ce za ki koma Hunkuyi wajen Goggo har sai ƙura ta lafa. Shin da son ranki ne? Ko ke ma kin fara kallona da idon Baba? Wannan tambayar ce ke cin raina fiye da komai.

Ba na roƙon ki saɓa wa mahaifinki, Allah ya kiyaye. Kalma ɗaya nake nema ta bakin Zulai: ko "jira", ko "haƙura". In jira ce, zan jira har furfura ta rufe kaina. In haƙura ce, zan daina bin hanyar gidanku, ba za ki sake jin sallamata ba, amma kada ki nemi in daina son ki, wannan ba a hannuna yake ba.

Naki, ko an ba ni ke ko an hana ni, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Abdulsalami